Motar Masu Wankin Ƙoda a Hannun Ustaz

Duk wanda ya ce an daina haihuwar manyan mutane, to bai taɓa hawa bene na biyu na wani farin gini da ke unguwar Aƙiƙ a Madina ba. A can Ustaz Abdulsalam Dumbulwa yake zama, shugaban Jam'iyyar Inuwar Maƙwabta, wata ƙungiyar taimakon jama'a, wanda ya kafa ta, mai magana da yawunta, kuma mai kwana da hatiminta a aljihu. Mutum ne da Allah ya yi wa murya. Idan ya gyara zama ya ce "Amma ba'ad," tantabarun da ke bakin taga sai su watse. Ga shi da kunya ƙwarai: shekara goma mutane suna kiransa Duktur, har yau bai samu ƙarfin halin gaya musu cewa bai yi karatun ba.

Kakansa ya zo Madina da ƙafa, ta hanyar Sudan, da buta da sanda. Jikan kuwa ba ya zuwa masallacin da ke tsallaken titi sai an kunna masa mota ta yi sanyi. Wannan shi ake kira ci gaba. Yana jin Hausa sarai, amma ya ajiye ta kamar tsohon takalmi, ba ya sa ta sai zai shiga cikin talakawa.

Arzikin Ustaz ɗaya ne, yana rataye a bango cikin gilashi: lasisin jam'iyya. A ƙasar nan ba kowa ke miƙa hannu ya karɓi gudummawa da sunan taimakon jama'a ba. Ko ku goma ne kuka haɗu kuna aikin Allah, in wani ya ce ga kyauta, ba ku da ikon karɓa sai kun shiga ƙarƙashin jam'iyya mai lasisi. Ita za ta karɓa da sunanta, ta miƙa muku, ta sa ido ta ga abin ya je inda aka nufa. Larabawa suna ce wa wannan mizalla, wato laima. Tsari ne mai kyau, kuma akwai jam'iyyu a garin da suke yin sa shekara da shekaru ba tare da kowa ya san fuskar shugabansu ba. Ustaz yana tausaya wa irin waɗannan shugabanni.

Tasa laimar faffaɗa ce, sai dai babu kowa a ƙarƙashinta. Cikin shekara shida ta shirya taron bita goma sha ɗaya a kan muhimmancin aikin sa kai, kuma a kowanne an sha gahawa an ci dabino. Matan unguwar Harra ta Yamma, waɗanda ba su da ilimin gane girman mutum, suka laƙa masa suna Abu Bukra, don duk abin da ka kai masa amsa ɗaya ce: "Bukra in sha Allah." Gobe dai.

A cikin matan nan akwai Zenabu. Iyayenta mutanen Injamena ne, ita kuwa a Harra ta girma, ta yi aure, ta aurar. Ɗinki take yi a gida. Ita da wasu mutum takwas suka haɗa abin da suke kira Tawagar Rakiya. Ba su da ofis, ba su da hatimi. Aikinsu su ɗauki tsofaffin unguwa su kai asibiti, su tsaya su yi musu tafinta a gaban likita, su mayar da su gida. Mafi nauyi su ne masu wankin ƙoda, mutum biyar, sau uku a mako: Lahadi, Talata da Alhamis. Wankin ƙoda ba ya jira. In ka tsallake rana ɗaya jiki ya kumbura, numfashi ya dawo wuya.

Motarsu ɗaya ce, ta Bakri. Bakri Bahaushen Sudan ne, bakanike, mai ƙaramar mota da ta ga zamani, wadda ƙofarta ta baya sai an ɗaga kafin a ja. A cikin masu wankin akwai Baba Adam, tsohon tela ɗan Damagaram, wanda ƙafafu suka daina ɗauka. Kafin a sa shi a mota sai Bakri ya rungume shi ya ɗaga daga keken guragu, wani ya riƙe ƙafafu, sannan a naɗe keken a cusa a baya. Baba Adam yakan ce, "A hankali, Bakri, buhun nan ya tsufa."

Wata Lahadi, a ƙofar asibiti, wani dattijo ya tsaya yana kallon wannan ɗagawa. Sunansa Alhaji Siddiq, mai shagon dabino a tsakiyar gari, mutum mara yawan magana. Da aka gama ya matso ya yi sallama, ya tambayi Zenabu sau nawa ake yin haka. Ta gaya masa. Sai ya ce zai saya musu mota irin ta masu keke, amma ba zai iya danƙa ta a hannunsu ba sai ta hannun jam'iyya mai lasisi. Aka yi tambaya a unguwa wace jam'iyya ce ta ɗan gida, mai jin yarenmu. Aka ce ta Ustaz. Waɗansu suka yi tsaki, amma da babu gara ba daɗi.

Zenabu da Bakri suka hau bene na biyu. Ustaz ya bar su a kujerar jira awa ɗaya da rabi, ba don yana da baƙo ba, sai don su san darajar ganinsa. Da suka shiga ya saurari Zenabu na minti biyu, ido a rufe, sannan ya ɗaga yatsa.

"Ya ukhti Munirat," in ji shi.

"Zenabu, Ustaz."

"Kin san mene ne aikin sa kai? Aikin sa kai ba ɗaukar tsofaffi ba ne. Ɗaukar tsofaffi kowa ma zai iya. Aikin sa kai ru'uya ne, hangen nesa! Risala ne! Istiratijiyya! Ku kuna da hannuwa, ma sha Allah, hannuwa masu albarka. Mu kuma muna da kai. To hannun da ba shi da kai, me zai yi? Sai ya mari mai shi."

Bakri ya dubi hannuwansa, baƙi ƙirin da mai, ya ɓoye su a bayansa.

"Ustaz, mu dai mota muke so ta shigo," in ji Zenabu. "Alhaji ya ce a shirye yake."

"Mota?" Ustaz ya buɗe ido. "Sabuwa?"

"Sabuwa fil."

"Abshiri! Sha kuruminki, an gama."

A nan dole a yi wa bawan Allah adalci. Wannan karon bai ce gobe ba. Takardun karɓar mota sun kammala cikin kwana huɗu, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin jam'iyyar. Wurin karɓa Ustaz ba ya ƙyuya.

Mota ta iso. Fara ce, doguwa, tana ɗaukar keke uku da kujerun rakiya. A bayanta akwai lif, wani faranti na ƙarfe da yake sauka har ƙasa. A tura keke a kai, a danna maɓalli, ya ɗaga mutum a hankali har cikin mota, babu runguma, babu nishi. Bakri ya zagaye ta sau uku, ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana murmushi. Zenabu ta yi hawaye ta goge da bakin mayafi. Abu ɗaya ya rage: takarda mai shafi ɗaya, wadda ke cewa jam'iyya ta miƙa motar ga Tawagar Rakiya don jigilar marasa lafiya. Sa hannu ɗaya, hatimi ɗaya. Zenabu ta ajiye ta a kan tebur.

"Bukra in sha Allah," in ji Ustaz, ya zura makulli a aljihu kusa da hatimi.

A makon farko aka ce inshora, kuma gaskiya ne, sai dai an gama ta cikin kwana biyu. A mako na biyu aka ce rubutu. Motar jam'iyya ba za ta fita tsirara ba. Aka kira mai rubutun allo, Ustaz ya tsaya a kansa da kansa, ya sa aka goge sau biyu don haruffan ba su kai girman da ya dace ba. Da aka gama, daga ƙofar direba har wutsiya an rubuta: Ƙarƙashin Kulawar Ustaz Duktur Abdulsalam Dumbulwa. Sunan Tawagar Rakiya ma ba a manta da shi ba. Yana nan ƙasan murfin tankin mai, tsawon ɗan yatsa, ga duk mai son durƙusawa ya karanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A mako na uku aka kafa kwamitin zaɓen sunan shiri. Kwamitin na mutum uku ne, Ustaz da surukinsa da wani wanda ya yi tafiya. A mako na huɗu aka ce ba a fara aiki irin wannan sai da bikin ƙaddamarwa, biki kuwa sai manya sun samu sarari. Aka lulluɓe motar da tampol a gaban ofis. Kowace safiya Ustaz yakan ɗaga gefen tampol, ya leƙa, ya goge madubi da bakin ɗankwalin Larabawa da ke kansa, ya mayar ya rufe kamar mai duba jariri. Zenabu tana hawa bene tana sauka, takarda a jaka. A bakin Ustaz ta zama Halimatu, ta zama Sundus, ta sake zama Munirat. Lahadi, Talata da Alhamis kuwa Bakri yana runguma yana ɗagawa, sau biyu a tafi, sau biyu a dawo.

A mako na biyar, ranar Alhamis da safe, gadon bayan Bakri ya riƙe yana tsakiyar ɗagawa. Hannunsa ya saki. Baba Adam ya zame ya bugu da bakin kwalta, haƙarƙari biyu suka tsage. Tsohon bai yi ihu ba, numfashi kawai yake nema. Bakri, ƙato mai gemu, ya durƙusa a titi yana kuka yana cewa, "Ka yafe mini, Baba, ka yafe mini." Aka kwantar da Baba Adam kwana tara.

A ranar nan, Zenabu ba ta zauna a kujerar jira ba. Ta tura ƙofa ta shiga.

"Ustaz, tsohon ya faɗi. Motar da aka saya dominsa tana ƙasa a lulluɓe."

Ustaz ya girgiza kai, baƙin ciki ya bayyana a fuskarsa. "La haula wa la ƙuwwata. Wannan babban al'amari ne, ya ukhti. Ta yaya abu irin wannan zai faru ba a sanar da shugabanci a rubuce ba? Kin ga abin da nake gaya muku? Rashin tsari! Da kun halarci bitarmu ta bakwai, da kun san yadda ake ɗaga tsoho bisa ƙa'ida."

"Makulli nake so."

"Za ki samu, a gaban jama'a, cikin girma. Ni da kaina zan je in duba shi."

Ya kuwa je, don Ustaz mutum ne mai cika alkawarin da ba ya buƙatar sa hannu. Ya shiga ɗakin marasa lafiya da kwalin cakulan, ya nufi gadon da ke kusa da taga inda haske ya fi kyau, ya kama hannun tsohon da ke kwance, ya yi masa jawabin minti goma da Hausa a kan haƙuri da ladan jinya da abin da jam'iyya ta tanadar masa. Tsohon ya yi ta gyaɗa kai cikin ladabi. Mahajjaci ne daga Indonesiya, ciwon ƙafa ya kawo shi. Baba Adam yana gado na huɗu bayan labule, yana barci. Cakulan dai an ci.

A mako na bakwai manya suka samu sarari. Aka sa biki ranar Talata da ƙarfe goma na safe, a gaban ofis. Ustaz ya kira Zenabu ya ba ta umarni: a kawo tsofaffi uku masu kyan fuska, waɗanda ba sa tari, a sa musu fararen kaya.

"Talata ranar wanki ce, Ustaz. Sha ɗaya suke hawa inji."

"A ɗaga zuwa Laraba. Ki ce wa likita shugaban jam'iyya ne ya ce."

Zenabu ta dube shi kawai. Ustaz ya ɗauki shirun a matsayin biyayya, kamar yadda ya saba ɗaukar kowane shiru. Bakri, wanda har yanzu yake tafiya a karkace, ya yi ƙoƙarin cewa wani abu.

"Ustaz, lif ɗin nan akwai abu ɗaya. In za a ɗaga, kada a bar tufafi su..."

"Ya Bakri! Ni na rubuta wasiƙar karɓar motar nan, shafi huɗu. Kai za ka koya mini ita? Ranar biki ka tsaya can baya. Kayan aikin nan naka ba su dace da taro ba."

Ranar Talata aka kafa rumfa, aka jera kujeru arba'in, aka shimfiɗa jan kafet daga ƙofar gini zuwa bayan mota. Rumfar ta manya ce, motar kuwa tana rana don fentin ya yi ƙyalli. An ɗauko mai hoto na haya daga tsakiyar gari. Alhaji Siddiq yana sahun gaba, carbi a hannu. Ustaz ya fito cikin mishlah, alkyabbar Larabawa mai bakin zinariya, wadda ke jan ƙasa a bayansa, ƙamshin turaren uda yana riga shi isa.

"Amma ba'ad," in ji shi, tantabaru suka watse. "Ya ku manya, ya ku 'yan'uwa. Tun ina yaro ba na iya barci in na ji maƙwabci yana tari. Wannan ciwo ne da Allah ya jarrabe ni da shi, ciwon tausayi. Na dubi tsofaffinmu, na ce wa kaina, ya Abdulsalam, har yaushe? Na yi tunani. Na yi nazari. Na kafa kwamiti. Waɗansu suna ganin mota a gabansu. Ni ba mota nake gani ba. Ina ganin gada tsakanin zuciya da zuciya! Ba na son yabo, Allah ya sani. Sunana da kuke gani a jikinta, mai rubutu ne ya matsa."

Ya yi minti hamsin. Ya gode wa mahaifinsa, da malaminsa na firamare, da kansa ta hanyoyi daban-daban. Ya gode wa "wani bawan Allah da ya tallafa wa hangen nesanmu," ya nuna sahun gaba da haɓa. Ya gode wa 'yar'uwa Halimatu da ƙawayenta. Aka yanke ƙyalle, aka yi tafi. Sai lokacin nuna aikin lif ya yi, aka waiwaya neman tsofaffi uku masu kyan fuska. Babu ko ɗaya.

Da ƙaramin mutum ne, da ya rikice. Ustaz kuwa sai fuskarsa ta yi haske.

"Shugaban mutane shi ne mai yi musu hidima," in ji shi. "Yau zan zauna inda gajiyayyu suke zama, in ɗanɗani abin da suke ɗanɗana."

Aka turo sabon keke, ledarsa ma ba a cire ba. Ya zauna, ya baza mishlah, ya sa aka ɗaura masa bel. Ya karɓi abin dannawa da hannunsa, don irin wannan tarihi ba a barin wani ya danna. Ya danna. Faranti ya fara tashi, Ustaz yana tashi tare da shi, hannu ɗaya a sama yana gaida jama'a. Bakin mishlah kuwa yana lilo a gefe, har ya sami tsagar ƙarfe ya shige. Injin ya ja, ya naɗe, ya ƙara ja. Aka ji ƙiii, aka ji ƙas. Komai ya tsaya.

Ustaz yana sama daidai ƙugun mutum, bai shiga mota ba, bai sauka ƙasa ba. Mishlah ya ɗame kafaɗunsa biyu ya manna shi da kujera kamar kazar da aka ɗaure za a kai kasuwa. Ya danna sama, shiru. Ya danna ƙasa, shiru. Surukinsa ya zo ya ja, ya bubbuga ƙarfe, ya koma ya zauna. Wani ya ce a kawo almakashi.

"La! La!" in ji Ustaz, muryar ta zama siririya. "A garin Ahsa aka ɗinka shi! Kada wanda ya taɓa! Ina Bakri? A kira Bakri!"

Zenabu ta taso daga sahun ƙarshe. "Ya kai tsofaffi wanki, Ustaz. Sawu biyu zai yi, motarsa ba ta ɗaukar su duka."

"Sai yaushe?"

Daga bayan rumfa wata tsohuwa ta amsa, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji: "Bukra in sha Allah."

Manya suka sunkuyar da kai, kafaɗu suna rawa. Ranar Madina ta hau, kuma ba ta san shugaban jam'iyya ba. Gumi ya fara sauka daga ƙarƙashin ɗankwali, ya bi gemu, ya ɗiga a kan zinariya. Wani ya kawo ruwa ya ba shi a baki. Mai hoto, wanda aka ɗauko don ya yi aiki, yana aikinsa.

Alhaji Siddiq ya miƙe a hankali. Bai je bayan mota ba, ƙofar direba ya nufa, ya leƙa ya dubi agogon tafiya. Kilomita talatin da ɗaya. Ya kira Zenabu gefe ya yi mata tambaya. Ta ba shi amsa a taƙaice, ba ta ƙara gishiri ba, don abin ba ya buƙata. Da ta kai kan haƙarƙarin Baba Adam, carbin ya tsaya a hannunsa. Ya zagayo ya tsaya a gaban lif, ya ɗaga kai.

"Ustaz, na sayi motar nan saboda wani tsoho da na ga ana ɗagawa kamar kaya. Mako bakwai ke nan. Sau nawa ya shige ta?"

"Ya Alhaji, al'amarin yana da marhaloli, mataki-mataki. Marhala ta farko ita ce..."

"Sau nawa?"

Ustaz ya sake danna maɓalli.

"To ga zaɓi," in ji Alhaji Siddiq, muryarsa ba ta tashi ba. "Ko ka sa hannu a takardarsu yanzu, ko in tashi daga nan in je wurin waɗanda suka ba ka lasisin can na bango, in tambaye su ko haka ake riƙon amana."

Zenabu ta buɗe jaka. Takardar ta yi laushi, ta karye a wurin naɗi, amma rubutunta yana nan. Ta miƙa sama da biro. Ustaz ya ɗora ta a gwiwa, ya sa hannu da ɗan abin da ya rage masa na motsi. Hatimi da makulli suna aljihun da hannunsa ba ya kaiwa, sai Alhaji Siddiq ya zura nasa hannun ya ciro su, ya buga hatimin a kan gwiwar shugaba, ya miƙa wa Zenabu makulli. An yi miƙawar a gaban jama'a, kamar yadda aka yi alkawari. Girman ne kawai bai samu halarta ba.

Bakri ya iso ana kiran azahar, cikin kayan aikin da ba su dace da taro ba. Kujeru arba'in sun koma shida. Ya dubi lif, ya dubi Ustaz, ya buɗe wani ɗan murfi a gefe, ya zura ƙarfe ya yi ta bugawa da hannu. Faranti ya sauka sannu a hankali. Bakin mishlah ya fito baƙi da mai, a yage tsawon kamu guda, zaren zinariya yana reto. Bakri ya durƙusa ya duba tsagar da kyau, ya shafa ƙarfen, ya yi ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Lif ɗin bai ji ciwo ba."

Da la'asar motar ta ɗauko mutum biyar daga asibiti a sawu ɗaya.

Da abin ya tsaya nan, da Ustaz ya san yadda zai ba da labarin. Har ya fara gaya wa surukinsa cewa da gangan ya tsaya a sama, don jama'a su ga irin wahalar da gajiyayyu suke sha. Sai dai mai hoton baƙo ne, bai san kowa ba, ya tura hotuna ga wani shafin labaran unguwanni kamar yadda aka umarce shi. Mai shafin ma bai san kowa ba. Ya duba hotuna sittin, ya zaɓi wanda ya fi taɓa zuciya: dattijo a keken guragu, a ɗaure, fuska jiƙe kamar mai hawaye, baki a buɗe, ana ba shi ruwa. A ƙasa ya rubuta: "Ɗaya daga cikin gajiyayyun da suka amfana da sabuwar motar, yana kukan farin ciki."

Hoton ya tafi. Ya zaga wayoyin Harra, ya tsallaka Jidda, ya kai Kano da Injamena. Dangi suka yi ta bugo waya suna tambayar matarsa tun yaushe ƙafafun suka mutu, me ya sa aka ɓoye musu. Wata baiwar Allah ta aiko da bargo da kwalin madara zuwa ofis, ta ce a ba tsohon nan. Ustaz ya rubuta wa mai shafin gyara, shafi uku. Mai shafin ya amsa da cewa Allah ya ba shi lafiya.

Ranar Alhamis da safe, lif ya ɗaga Baba Adam a hankali ya shigar da shi mota, babu wanda ya rungume shi. Ya zauna yana shafa bel, yana kallon titi ta taga. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya miƙo masa waya ya ce ya ga abin da ake ta yaɗawa. Baba Adam bai taɓa ganin Ustaz ba. Ya kawo wayar kusa da ido, ya daɗe yana kallo, fuskarsa ta cika da tausayi.

"Allah sarki, bawan Allah," in ji shi. "Wannan ai ya fi ni jin jiki. Ba shi da kowa ne? Zenabu, 'yata, ku nemo shi ku sa shi a layinmu. Ga wuri nan kusa da ni."

Zenabu ta ja ƙofa ta rufe, ta ce wa Bakri su tafi.

"Bar shi, Baba," in ji ta. "Irin nasa ciwon, inji ba ya wankewa."